Igiyar Shanyar Gidan Koci

Duk wanda ka tambaya a unguwarmu zai ce maka babana ya sayar da lafiyar ɗansa a kan kofin gwangwani. Har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun iya faɗin haka, da ƙarin gishirinsu. Shekara goma sha tara ina jin wannan magana a bakin shago da layin asibiti, ban taɓa buɗe baki na gyara wa kowa ba. Bara Baba ya rasu. Yanzu zan faɗi yadda abin ya faru, domin ina cikinsa dumu-dumu.

Babana mai walda ne. Shagonsa yana ƙasan benen da muke haya, mu kuma muna sama, ɗaki biyu da falo da wata siririyar baranda mai kallon titi. Ƙyaure da taga da gadon ƙarfe yake yi, kuma aikinsa ba ya ɓallewa, sai dai idan ya ce maka ka zo Laraba ka karɓa, to ka tambaye shi Larabar wane wata. Ba lalaci ba ne. Da ƙarfe huɗu ta yi zai kashe inji, ya rataye baƙin gilashinsa a ƙusa, ya nufi filin makarantar sakandaren da ke ƙarshen layinmu. Gyaran ƙofa ne ya fara kai shi makarantar tun yana saurayi, ya tarar da yara suna bin ƙwallo ɗaya duuu ba tsari, ya tsaya ya yi musu tsawa. Daga wannan tsawar ya shekara ashirin da biyu a filin. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Shi ya ƙera ƙarafan ragar da bututun da ya rage masa, shi yake zana layi, shi yake gudu da bokiti da soso idan yaro ya faɗi. Kowa Koci yake ce masa, har masu kawo aikin walda.

Mama takan ce ita an kawo ta gidan miji ne ta tarar da 'ya'ya goma sha takwas, kowa da dauɗarsa. Rigunan 'yan wasa take nufi. Ita ke wanke su, ita ke ɗinke inda ya yage, kuma duk mitar da take yi ta fi Baba sanin yaron da ke tsoron ƙafa da wanda ke cin ƙwallo shi kaɗai. Mu biyu ta haifa, Yaya da ni. A gidanmu ba a lissafin shekara da komai sai da gasar makarantu. In ka tambayi Mama yaushe aka haife ni, sai ta ce shekarar da alƙalin wasa ya cuce mu a minti na ƙarshe.

A fili bakin Baba ba linzami. Zai kira yaro buhun siminti, ya kira wani mai ƙafar hagu biyu, yaran kuma suna dariya don sun san iyakarsa ke nan. Amma akwai abu ɗaya da wannan mutum mai tsawa ya kasa yi duk rayuwarsa: ya dubi idon yaro ya ce masa gobe ba ka ciki. Ya gwada sau ɗaya, yaron ya fashe da kuka, Baba ya kwana biyu ba ya cin abinci. Shi ne ya samo dabara. Kowane yaro yana da lambarsa ta shekara. Ranar Juma'a da rana Baba zai yagi kwali, ya rubuta lamba goma sha ɗaya, ya aiko sama. Riguna goma sha takwas ake wankewa, amma goma sha ɗayan nan kaɗai ake shanyawa a igiyar baranda, lambobin suna kallon titi. Sauran a bayan gida suke bushewa. Da yamma sai ka ga yara suna wucewa ta ƙofarmu ɗaya bayan ɗaya, kowa yana yi kamar aike aka yi masa, yana satar kallon sama. Wani ya wuce da tsalle, wani ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri.

Igiyar tana da dokokinta, ko da yake ba wanda ya taɓa zama ya tsara su. Ba a maganarta. Yaro ba ya tambayar dalili, uban yaro ba ya zuwa roƙo, mu ma na cikin gida ba ma cewa uffan. Rigar da ta hau kuma ba ta sauka sai safiyar wasa. Akwai shekarar da shugaban makaranta da kansa ya zo shago a kan ɗan ƙanwarsa da aka bari a benci. Baba bai ko kashe inji ba, ya nuna masa sama da haɓa ya ce, "Malam, unguwa ta riga ta gani." Mun daɗe muna alfahari da wannan labari a gidanmu, muna ba baƙi.

Da ciwon baya ya kama Mama, shanya ta dawo hannuna. Ina da shekara goma sha uku a lokacin. Ita ta wanke ta matse, ni in karɓi kwalin daga hannun Baba, in zaɓi riguna, in fita baranda. Daga nan Mama ba ta ƙara ganin kwalin ba, sai dai ta ga abin da ke igiya kamar kowa. Ina jin kaina a wannan aiki, ba zan ɓoye ba. Samarin da ba sa amsa gaisuwata suka koma yi min fara'a.

Yaya lamba biyar yake sawa, mai tsaron baya ne, ana kiransa Katanga. Ba shi da gudu sosai, amma duk ƙwallon da ta tashi sama tasa ce. Tun yana ɗan shekara biyar Baba ya rataye masa ƙwallo da igiya a cikin shago, yana tsalle yana dukanta da goshi, Baba yana walda yana ƙirga masa. A shekararsa ta ƙarshe a makaranta, yana da sha bakwai ina da sha biyar, muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Ana saura kaɗan a tashi suka yi karo da ɗan gaban abokan wasa, kai da kai, har a bakin fili mun ji ƙarar. Yaya ya faɗi bai motsa ba. Baba ya ruga da bokitinsa, ya matse masa soso a ƙeya, ya mari kumatunsa, ya tashe shi. Yaya ya ƙarasa wasan, muka ci, jama'a suka ɗaga shi sama.

A gida ya yi amai sau biyu. Ya tambaye ni ci nawa aka tashi, na gaya masa, ba a jima ba ya sake tambayata. Ranar Litinin Mama ta sa mayafinta ta ce ko a tafi asibiti tare ko ta tafi gidansu. Dukkanmu muka je. Likitar wata siririyar mace ce mai magana a hankali. Ta haska masa ido, ta sa shi tafiya a kan layi, sannan ta juya wajen Baba.

"Baba, kai ne mai horar da su?"

"Ni ne."

"To ka saurare ni da kyau. Ƙwaƙwalwarsa ta bugu, ba ta warke ba tukuna. Wata guda ba ƙwallo, ba gudu. Idan ya sake buguwa kafin nan, ko kaɗan ne, tana iya kumbura. Wani ba ya tashi daga wannan."

"Asabar ɗin nan ne wasan ƙarshe," in ji Yaya.

"Ko na duniya ne," ta ce. "Baba, ka ji ni?"

Baba ya ce, "Na ji."

Sau uku makarantar tana kaiwa wasan ƙarshe a hannun Baba, sau uku ana doke ta. Wannan ne na huɗu, kuma kowa ya san ba a taɓa haɗa yara irin na bana ba. Duk makon gidanmu ya yi tsit. Yaya yana ta nuna ya warke, yana hawan bene bibbiyu, yana cika ciki da abinci a gaban Mama. Amma ni na kama shi a bayan gida ya dafe kai da hannu biyu, kuma na lura ba ya son fita baranda idan rana ta take.

Ranar Juma'a Mama ta gama wanki ta tafi duba ƙanwarta da ta haihu. Baba ya miƙo min kwalin a bakin matakala bai dube ni ba, ya koma shago. Na duba. Babu biyar. A wurinta ya rubuta sha huɗu, wani yaro dogo mai kirki wanda yake rufe ido idan ƙwallo ta nufo kansa. Ya kamata in ji sanyi a raina, amma haushi na ji. Ni ma a gidan nan aka haife ni, ni ma ina son kofin nan kamar in mutu.

Ina tsugune gaban baho ina ware riguna Yaya ya shigo. Bai nemi ganin kwalin ba, fuskata ya duba.

"Ya cire ni ko?"

"Likita ce ta cire ka."

"Likita ta taɓa buga ƙwallo? Auta, dube ni. Lafiyata ƙalau."

"Na gan ka shekaranjiya kana riƙe da kai."

"Yunwa ce." Ya tsuguna kusa da ni. "Wasana na ƙarshe ke nan a makaranta. Daga shi sai shago, in yi ta ƙera taga har in tsufa. Kin san dogon nan zai zubar mana da wasa. Baba zai mutu bai taɓa kofin nan ba, kina gani?"

"In ya gani zai kashe ni."

"Ba zai ce komai ba. In ta hau ta hau, kin fi ni sani. Kuma ba zan sa kai ba, wallahi. Da ƙafa kawai zan yi."

Bai taɓa ni ba, bai ƙwace rigar ba. Ya tashi ya fita, ya bar ni da bahon. Ni na ɗauki lamba biyar da hannuna, na yarfe ta, na shanya tsakanin huɗu da shida. Sha huɗu na kai bayan gida. Kwalin kuma na yayyaga na zuba a shara.

Ina leƙe ta taga lokacin da Mama ta dawo. Ta tsaya a tsakiyar titi da jakarta tana kallon sama, har wani mai mota ya yi mata hon. Ta hau bene a hankali. Ba ta tambaye ni ba, don a saninta abin da ke kwali nake shanyawa. Da Baba ya hawo ta ajiye masa abinci da ƙarfi har ya fantsala, ta ce, "Ka dai ji abin da likita ta ce." Ya ce, "Na ji." Iyakar maganar da aka yi ke nan. Duk shekarun nan ba ta taɓa sa baki a igiya ba, ranar ma ta kasa. Ni kuwa na gaya wa kaina Baba ya ɗauka Mama ce ta sa aka canza, tunda ita ce mai tsoron, in ta yarda shi ke nan. Kowa ya jingina da wani, muka wayi gari.

An yi ruwa da safe, fili ya jiƙe, ƙwallo ta yi nauyi. Ƙarfe huɗu aka take wasa, jama'a har kan katangar makaranta. Na ji da kunnena Baba yana ce wa Yaya, "Kar ka sa kai, ka ji ko?" Yaron da ya koya wa sa kai tun kafin ya iya ɗaure takalmi. Kafin hutun rabin lokaci muka ci ɗaya. Yaya ya cika alkawari, ƙwallo uku ya bari suka wuce ta samansa, 'yan kallo suna zaginsa. Da aka dawo suka matsa mana, suka samu bugun kwana. Ƙwallo ta taso ta nufi wani ƙato da ba kowa a kansa a bakin raga. Ban ga Yaya ya yi tunani ba. Ya tashi sama ya buge ta da goshi ta fita har tsakiyar fili, aka kaure da ihu, ni ma ina ciki. Ba wanda ya yi karo da shi. Ya yi taku kamar biyar, ya zauna a ƙasa, sannan ya kwanta ta gefe.

Baba ya ruga da bokiti. Ya matse soso, ya sake matsewa, ya juye masa ruwan gaba ɗaya, yana kiran sunansa da wata murya da ban san yana da ita ba. A bayan motar wani mai kayan gini muka kai shi asibiti, kansa a cinyar Mama. An ƙarasa wasan ba mu, an tashi ɗaya da nema. Da magariba yaran suka zo asibiti da kofin, da taɓo a ƙafafunsu, suka tsaya cirko-cirko ba su san inda za su ajiye shi ba. Mama ta ce su fitar mata da shi kafin ta yi musu baki.

An yi masa aiki a kai. Kwana tara bai farka ba. Da ya farka, hannu da ƙafar hagu sun mutu, magana sai a hankali kalma ɗaya-ɗaya, kuma shekarar nan gaba ɗaya ta goge daga kansa. Bai tuna wasan ba, bai tuna ya tsuguna gaban baho ya roƙe ni ba. Na yi ta jiran ranar da Baba zai kira ni ya tambaye ni ina sha huɗu. Bai kira ba. Mama ta tsaya a gabansa a harabar asibiti ta ce, "Ka samu kofinka," ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayanta, ina jin komai.

Iyaye suka janye 'ya'yansu, makaranta ta aiko masa da takardar godiya mai nufin kar ya sake zuwa. Mama ta sa almakashi ta datse igiyar, ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Yaya. Daga ranar ba ta ƙara yi wa Baba magana ba sai ta dole: magani ya ƙare, ruwa ya ɗauke, ana sallama. Shi kuma ya ƙera keken guragu da hannunsa, ya kafa ƙarfen dafawa a bandaki da gefen gado. Shekara shida yana goya ƙaton namiji a bayansa, sama da ƙasa, kafin aka samu ɗakin bayan shago suka sauko. Shi ke yi masa wanka, shi ke yi masa aski. Abin da ya fi ba ni haushi, kuma har yau ban san yadda zan ɗauke shi ba, shi ne duk Asabar sai ya tura Yaya zuwa filin nan. Ba sa shiga. A bayan waya suke tsayawa, mutane suna nuna su da baki, Yaya yana dariya da rabin fuska duk lokacin da ƙwallo ta tashi sama. Da ƙarfen raga ya tsage ma, ba wanda ya kira shi, ya ja injinsa ya je ya gyara.

Na yi aure, na haihu, ina zuwa ƙarshen mako da kwanon abinci da fara'ar ƙarya. Sau nawa na shirya maganar a hanya, in iso in ga Mama tana ba Yaya abinci a baki, in haɗiye. Tsoro ne kawai. Na ga yadda take kallon Baba, ban iya ɗaukar ta kalle ni haka ba. A shekara ta goma sha ɗaya ta kwanta ciwon ajali. Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "Auta, ki roƙa min Allah ya ba ni ikon yafe wa babanku. Na gwada, na kasa." Na ce to, Mama. Na ci gaba da shafa mai. Bayan kwana huɗu ta rasu, ba ta yafe masa ba.

Sai da aka yi wata biyu na iya zuwa shago. Rana tsaka ce, yana haɗa wata ƙofa, Yaya yana barci a kekensa a inuwa. Na tsaya har ya kashe inji ya ɗaga gilashi.

"Baba, ni na shanya rigar. Sha huɗu ka rubuta. Ni na canza."

Ya dube ni, idanunsa jajaye kamar kullum. "Auta, ni na rubuta kwalin. Kina tsammanin ban san abin da na rubuta ba?"

"To me ya sa ba ka gaya wa Mama ba? Ta mutu tana ganin kai ne!"

"Ta riga ta rasa ɗa guda. In ƙara mata da ke?"

Kuka ya ƙwace min. Na durƙusa a cikin tarkacen ƙarfe ina cewa ya yafe min, na bar shi da kayan da ba nasa ba shekara goma sha ɗaya, ina zagin kaina, ina cewa zan bi gida-gida in gaya wa unguwa gaskiya. Ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya goge hannunsa da tsumma.

"Ba inda za ki je. Abin da suke faɗa daidai ne."

"Ba daidai ba ne, Baba."

"Saurara. Ranar da la'asar na fito shan iska na ɗaga kai na gan ta. Na hau sama. Kina bayan gida, mamanku ba ta dawo ba, yara ba su fara wucewa ba. Ba wanda ya gani tukuna, ni kaɗai ne a barandar. Na kai hannu har na taɓa ta, da danshinta." Ya dubi inda Yaya yake barci. "Ke yarinya ce, shekararki sha biyar. Ni aka gaya wa a ido. Na tsaya a wurin na ce a raina, ai ba ni na sa ba. Daɗi na ji, Auta. Wallahi daɗi na ji. Na sauko ina fito da baki."

Ya miƙe da ƙyar yana dafa gwiwa, ya ce in tura yayana ciki rana ta fara cim masa.